Gadar Umara

Ranar da na fara jin sunansa, kwanukan da na ɗauko a ka ne suka zube a tsakar gida. Gwaggo Hajara ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "To, gadar Umara ta sake faɗuwa." Haka ake cewa a Gafasa in abu ya rushe, rumbu ne ko aure. Sai da na shiga sakandare na san Umaran nan ƙanin kakana ne, tsohon da ke zama a ƙofar gida da hoto a aljihu.

Umara kafinta ne. Yana saurayi ya tafi Legas, kamfanin da yake wa aiki ya wuce da shi wata ƙasa, inda teku ya matse tsakanin duwatsu biyu, ana son babbar hanyar mota ta haye. Shekara uku yana kafa katakon da ake zuba kankare a kai. Da ya dawo sai ya ce gadar ba wani abin tsoro ba ce, bakan gizo ne irin na soron kakanninmu, sai dai da siminti da rodi. Mutanen garinmu, waɗanda babban ruwan da suka sani shi ne kududdufin bayan makaranta, suka tabbatar masa ƙarya yake. Hoton gadar da ya zo da shi ma, in ji su, a kalanda ya yanko. Suka raɗa masa Injiniya.

Akwai kwari tsakaninmu da hanyar Ajingi, wanda da damina mai kai akuya kasuwa sai ya saɓa ta a wuya. Shekarar da ƙungiyar gari ta samo siminti, Umara ya roƙa a ba shi aikin gina gada. Abin da yake nema ɗaya ne: sau ɗaya dai a ce gaskiya ya faɗa.

Ya haɗa azara da katako ya lanƙwasa baka, aka zuba kankare. Kullum da safe shi da matarsa Fanta suna yayyafa masa ruwa, masu wucewa suna cewa, "Injiniya, yaushe za ta tsiro?" Sharaɗinsa guda: kada a taɓa katakon sai bayan kwana ashirin da takwas.

A kwana na takwas kansila ya aiko zai zo buɗewa da masu ɗaukar hoto. Alhaji Tukur, shugaban ƙungiya, wanda ya taɓa tsayawa aka yi wa katangarsa yaɓe, saboda haka babu abin da bai sani ba a harkar gini, ya zo ya riƙe ƙugu.

"Malam Umara, a haka za a ɗauke mu? Gada kamar rumfar mai tsire?"

"Alhaji, kankaren bai nuna ba."

"Mangwaro ne? Na buga da sanda, tauri kamar dutse."

"Bayan ne ya bushe. Cikin ɗanye ne."

"Turawanka ne masu jira. Ranarmu ta fi tasu zafi."

Washegari Umara ya tafi kasuwar Ajingi. Kafin ya dawo an zare katako tas, an ɗaura ƙyalle. Da safe kansila ya yanke ƙyallen, a-kori-kura cike da 'yan rakiya ta hau, gada ta durƙusa kamar raƙumi. Ba wanda ya ji ciwo, sai babbar rigar kansila da ta sha laka. Kafin la'asar kowa a gari ya tuna cewa shi kansa dama ya faɗa gadar Umara ba za ta tsaya ba. Alhaji Tukur ya fi kowa takaicin yadda aka ba marar takarda aiki.

Umara bai yi musu da kowa ba. Ya koma gyaran ƙofofi da kujerun mata, sunansa kuwa ya koma bakin duk wadda tukunyarta ta kife. Har yau akuya a wuya take hayewa.

Bara, kafin rasuwarsa, ya gan ni da littafin da nake rubuta labarin zuri'armu.

"Amaryata Bara'atu, an ce ke ce mai sa mu a takarda."

"Ni ce, Kaka. Amma na faɗa maka ba na auren marar haƙori."

Ya yi dariya har da tari, ya zaro hoton ya miƙo mini.

"Kada ki wahalar da kanki da zancen teku, ba za su yarda ba. Ki dai rubuta kwana ashirin da takwas na ce. Ki sa da lamba, manya-manya, kada Tukur ya ce bai zo da tabarau ba."