Tarwaɗar Iro Injiniya

A Gazawa babu wanda ya taɓa ba Iro takardar injiniya, amma kowa Injiniya yake ce masa, shi kuma yana amsawa da gaske. Shekara goma sha biyu ya yi yana kabu-kabu tsakanin gari da bakin iyaka, kuma duk fasinjan da ya hau bayan babur ɗinsa sai ya sauka da ilimin da bai nema ba: gyaran rediyo, maganin hawan jini, dalilin jinkirin damina. Mutumin kirki ne, wannan kam a ba shi. Ciwonsa ɗaya, bakinsa bai iya cewa "ban sani ba".

Wata rana ya kai wani ɗan kasuwa tsallaken iyaka, ya ga ana kiwon tarwaɗa a kwamin siminti. Kallon minti goma ya yi, ya dawo gida malamin kifi. Ya sayar da babur, ya gina kwami a lambunsa gefen rijiya, ya zuba ƴaƴan tarwaɗa ɗari uku.

A rijiyar nan Sajo yake shayar da shanunsa. Makiyayi ne, abokin Iro tun suna samari. Duk kaka, in an gama girbi, shanun Sajo a gonar Iro suke kwana su bar masa taki, shi ya sa geronsa ya fi na maƙwabta kai. Iro dai cewa yake dabarar shukarsa ce.

Wata biyu kifi na girma lafiya, sai zalɓe ya gano wurin, ya mai da kwamin tukunyar gidansu. A makon ne aka raba gidan sauro a gidan likita, Lubabatu matar Iro ta samo uku sababbi a leda. Injiniya ya farke ɗaya, ya nufi lambu. Lubabatu ta ce, "Malam, an ce mana hwa…" Ya ɗaga mata hannu, ya ce harkar kifi ba tuƙin tuwo ba ce. Ya shimfiɗa gidan sauron a kan kwami, tsakiyarsa ta lotsa cikin ruwa, ya ja da baya yana yaba wa kansa.

Washegari tarwaɗa ashirin sun juya ciki sama. Iro ya ce zafin rana ne, ya yi rumfa. Talatin suka bi. Ya ce abinci ne, ya canza. Ya ce ruwa ne, ya kwashe shi tas ya zuba sabo, kuma da yake shi mai tsabta ne, ya cire gidan sauron da ya yi dauɗa ya shimfiɗa na biyu, sabo fil. Na ukun ya ɗaura a bakin gora ya yi komar kamun kifi, yana zura ta har ƙasa safe da yamma yana kwasar gawa. Lubabatu da ƴaƴanta kuwa sauro na walima a kansu.

Da dabaru suka ƙare, sai ya tuna ya taɓa ganin Sajo yana wanke hannu a bakin rijiya bayan ya shafa wa shanu maganin kaska. Shi ke nan, an gano. Ya tafi ƙofar mai gari, gaban jama'a, ya ce Sajo ya zuba masa guba don hassada. Har da rantsuwa.

Aka kirawo Sajo. Ya saurara, sandarsa a kafaɗa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a kai ni in ga ruwan."

Aka ɗunguma zuwa lambu. Sajo ya tsuguna, ya kama gefen gidan sauron ya goga a kuncinsa, ya ɗan jira. "Wanga zahi na san shi," in ji shi. "Haka maganin kaska ke yi ma hannu. Amma ba ni na kawo shi ba." Ya sa aka ɗebo bokiti biyu daga rijiya, aka jefa tarwaɗa ɗaya-ɗaya, ya yagi tsumman gidan sauro ya tsoma a guda. Kafin la'asar ta cikin bokitin tsumman ta kife, ɗayar tana ta wasanta.

Lubabatu, wadda ta kawo fura ta tsaya kallo, ta ce, "Abin da ni ka son hwaɗi ke nan, Malam. An ce da magani jikinshi, ko wanki kada a kai shi tabki."

Iro ya gyara hula ya ce, "Daman na yi zargin haka." Ko dariya ba wanda ya yi masa. Sajo ya saɓa sandarsa ya bi shanunsa.

Tarwaɗa goma sha ɗaya suka tsira. Iro ya yi ta lallaɓa su har kaka, abin na cinsa a rai, don kewar Sajo yake yi ƙwarai. Neman gafara da baki ya fi ƙarfinsa, sai ya zaɓi mafi girma, ya naɗe a buhu, ya taka har ruga.

Sajo ya amsa sallama, ya shimfiɗa masa tabarma, ya leƙa buhun. "Na gode, Iro," ya ce. "Shekara talatin muna tare, ka taɓa ganin na ci kihi?"

Iro ya saɓa buhunsa. Ya komo da tarwaɗarsa gida.

A kakar nan shanun Sajo a gonar Jibo suka kwana, wadda take iyaka da ta Iro. Da damina ta zagayo, geron Jibo ya shanye mutum, na Iro iyakarsa ƙugu. Wani mai amalanke da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Injiniya, mi ya samu geronka bana?"

Wannan kam Iro ya san amsarta sarai. Ya sunkuya ya ci gaba da noma.