Mun Je Belbeji Jin Gurmin Ɗan Fari

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu da ke kusa da Falanko, ni da ƙanena, bayan an gama zuba gero a rumbu. Ban gaya wa mutane da yawa abin da zai kai ni Belbeji ba. Yanzu da na dawo kowa tambaya yake yi, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ɗana na fari ya rasu a bazarar da ta wuce, a wajen haƙar rijiya cikin kwarin Tarka. Sanƙarau ne. Kafin labari ya iso mana an riga an rufe shi. Yana kaɗa gurmi. Ba gadonmu ba ne, a wajen mahaƙa ya koyo. Wani abokin aikinsa da ya zo gaisuwa ya ce mana malamin lakwal, wato makarantar boko ta Belbeji, wanda mutanen gidan rediyo suka ba akwatin ɗaukar magana, ya taɓa zuwa bakin rijiyar ya ɗauki kiɗansa. Ya kuma ce zaren da ake ɗaukar murya a kai ba shi da yawa, in ya ƙare sai a shafe tsohuwa a ɗora sabuwa. Damina ta riƙe ni a gona. Ranar da na ɗaure damin ƙarshe na ce ko a tarar ko kar a tarar, sai na je.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama inda yake kiɗa ba. In ya ɗauko gurmi a ƙofar gida, sai in tashi in nufi masallaci. Abin da na sani na kiɗansa, ta bayan zana na san shi. Haka mahaifina ya yi da ni, ban kuwa taɓa shakkar yana sona ba.

A kan jakuna muka isa Falanko, muka bar su a gidan wani ɗan'uwa, muka jira motar kasuwa. Direba ya ce yanzu za a tashi. Wannan yanzun nasa sai da muka yi azahar a cikinsa. An ɗora mu bisa buhunan gyada, tare da mata masu tallar tabarmi da wani bunsuru da ya yi ta taunar gefen rigar ƙanena. Hanya ba hanya ba ce, sawun motar da ta riga mu ne cikin rairayi. Duk inda ta kafe sai maza su sauka a tura, ƙarangiya ta cika mana wanduna. Direba bai rage wa kowa kuɗin mota ba don ya yi turi, ƙanena kuwa ya faɗa masa haka.

Muna yin gaba gonaki suna raguwa, sai aduwa da ƙaya da tumfafiya. A wata rijiya muka tsaya shan ruwa. Takarkari ne ke jan guga, ya yi nisa har ya zama ƙarami kafin gugan ya fito. Na leƙa ciki na kawar da kai. Wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai kauri, kuɗinta bai kai na kasuwarmu ba. Da ta ji inda muka nufa da dalili, ta ƙi karɓar komai. Na gode mata, har yau ina gode mata.

Mun kwana a hanya, a zauren wani mai gari, aka kawo mana tuwon gero da miyar kuka. Washegari da hantsi muka shiga Belbeji, ranar kasuwa. Buzaye sun sauko da raƙuma da cuku da gishiri, Fulani da shanu, mutanenmu da hatsi da igiyoyin kaba. Sukari da shayi sun yi tsada, dabbobi kuwa sun yi ƙiba, don ciyawa ta yi kyau bana. Ban tsaya kallo ba. Muka tambayi lakwal, aka nuna mana wata rumfa da ɗaki ɗaya na ƙasa.

Mushe, kamar yadda suke kiran kowane malamin lakwal, saurayi ne ɗan Damagaram, siriri, mai ladabi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Baba, ba zan ɓoye maka ba. Na shafe wasu. Waɗanda suka rage ban rubuta sunan kowa a kansu ba. Sai dai mu saurara ɗaya bayan ɗaya, kai za ka gane shi.”

Bayan la'asar ya fito da akwatin zuwa ƙarƙashin rumfa. Bai fi kwandon goro girma ba, da faifai biyu suna juyawa, zare siriri kamar tsagin kaba yana barin wannan yana naɗuwa a wancan. Ƙanena ya ja tabarmarsa baya, wai kar abin ya kama tasa muryar ba da saninsa ba. Mutanen kasuwa suka fara taruwa.

Na zo neman murya ɗaya, amma sai da na ji na mutane da yawa, kuma ban yi da-na-sani ba. Da farko manoma ne suna kukan fara da tsuntsaye, jaki ya yi kuka a tsakiyar maganar wani dattijo, kowa ya fashe da dariya. Sai mata masu niƙa, ana jin dutse yana tafiya yana dawowa a ƙarƙashin waƙar, numfashinsu ne ke raba baiti da baiti. Sai sarewar wani makiyayi, iska na shiga tana fita. Sai gogen wata tsohuwar Buzuwa, tsirkiya ɗaya tak, yana kuka kamar mutum. Ban san harshen ba, amma na san abin da take faɗi. Akwai wani tsoho mai molo da muryarsa ta dushe, yana maimaita jimla ɗaya game da shekarar yunwa, kowane maimaici ya fi na baya nauyi. Duk rayuwata ina jin irin waɗannan a bakin hanya ina wucewa. Ban san suna da wannan zurfin ba sai da aka ɗauke su daga inda suke, aka ajiye a gabana, ba abin kallo sai juyawar faifai.

Muna tsakiyar haka muryoyin suka fara kauri, suna jan ƙafa kamar mai jin barci. Mushe ya kashe akwatin. Batir ya yi sanyi, in ji shi, sababbi kuwa sai motar Tanut ta zo, ba a san ranar ba. Saura faifai biyu ba a ji ba. Na fara neman takalmana.

Sai wani Buzu mai baƙin rawani ya ciro tocila daga jakarsa, ya kwance ta, ya zube batir a tabarma. Wani mai shayi ya aika a ɗauko na rediyonsa. Wani ɗan kasuwa ya kawo nasa yana cewa, “Nawa sababbi ne, ba irin na Mushe ba da ake shanyawa a rana.” Ba wanda na sani a cikinsu. Mushe ya zaɓi masu ƙarfi ya jera, faifai ya koma juyawa.

Kafin murya, hannun na fara ganewa. Yana da wani bugu da yake yi da babban yatsa a kan fatar gurmi kafin ya taɓa tsirkiya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Sai muryar ta shigo. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙafafuna sun riga ni, sun juya za su fita daga rumfar kamar yadda suka saba. Ƙanena ya kama gefen rigata.

“Zauna, Yaya,” in ji shi. “Ba ya ganinka.”

Na zauna. Waƙar mahaƙa ce. Yana cewa daga ƙasan rijiya sama ba ta fi bakin ƙwarya ba, mai riƙe igiya ya riƙe da kyau, akwai masu jira a gida. Abokansa suna amsawa. Can tsakiya wani ya tsokane shi cewa ya fi iya kiɗa da haƙa, ya yi dariya, kiɗan ya ɓace masa, ya sake kamawa. Wannan dariyar ban san ta ba. A gabana ba ya yin ta. Na ji ta daga farko har ƙarshe, na roƙi a maido, aka maido.

Da aka gama Mushe ya ce wannan faifan ba zai shafe shi ba, Yamai zai aika da shi. Amma can ba sa ajiye wanda ba suna, kuma bai yi mini alkawarin za a sa shi a rediyo ba. Ya ɗauko alƙalami. “Baba, yaya sunansa?”

Na dubi ƙanena, ya dubi ƙasa. Sunan mahaifinmu yaron ya ci, don haka shi ma bakinsa ba ya iya faɗa. Dattawan da ke wurin sun gane. Mai shayi ya ce, “Kai Mushe, boko ya cinye ka? Ɗan fari ne.” Saurayin ya ji kunya, ya fara ba da haƙuri. Na ce ba komai, ya miƙo mini alƙalamin. Na yi karatun manya rani biyu a Falanko, hannuna ba ya sauri, amma yana zuwa. Na rubuta sunan a bayan kwalin faifan, baƙi bayan baƙi, na sa sunan ƙauyenmu a ƙarƙashi. Mushe ya duba, bai karanta a fili ba. Allah ya saka masa da alheri.

Dawowa ta fi tafiya sauƙi, ko don motar ba ta da kaya ne. Mun sayo cuku da gishiri, muka ɗauki jakunanmu a Falanko, muka shigo gida ana kiran magariba. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, amma ya ishe ni. Kiɗan talakawa da muke wucewa ba mu tsaya ba, dukiya ne, wanda ya tsaya ya adana shi ya yi aikin lada. Kuma a garin da ba ka san kowa ba, akwai wanda zai kwana cikin duhu don kai ka ji abin da ka zo ji.

Mai ɗakina ta kawo ruwa. Ta tambayi hanya, ta tambayi kasuwa, ta tambayi farashin gero a can. Sai da ta ɗauki kwanon za ta fita ta ce, ba ta dube ni ba, “Malam, abin da aka je nema, an samu?”

“An samu.”

“Yaya yake?”

“Dariya yake yi.”

Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa. Na gaya mata an aika da shi Yamai, mai yiwuwa wata rana a sa, mai yiwuwa kuma ba za a sa ba. Ta gyaɗa kai.

“Ragunan nan nawa guda biyu,” in ji ta, “in za ka kasuwar Falanko, ka tambayo mini ko za su sayi rediyo.”