Mai Rawar Gaban Labule

Muna idar da sallar asuba muka fito daga Wangsa Maju, ni da ƙanwata, ko shayi ban bari mun tsaya sha ba. Masu bibiyata sun san hutu ya kawo ni Kuala Lumpur, in ɗan huta da hayaniyar ɗalibai da ƙorafin iyayensu, in kuma ga yadda autarmu ke fama da digirinta na uku. Hutun dai sunansa hutu. Tun ranar da na sauka na tarar yarinya ta rame, ba ta cin na kirki, ba ta barcin kirki.

Abin da take bincike a kai shi ne tarihin matan da ke rawa a gidajen wasan kwaikwayo na ƙasar nan a zamanin da. Mu a gida in an tambaye mu me take karantawa, "tarihi" muke cewa mu ja bakinmu mu yi shiru, don kowa ya san inda hankalin mutane zai tafi in an ce rawa: gidan gala. To malamin da ke duba aikinta ya ce duk abin da ta rubuta daga littattafai da tsofaffin jaridu ne, sai ta kawo muryar wadda ta yi rawar da ƙafarta. Wa'adin karatunta kuma wannan zangon yake ƙarewa, an riga an yi mata ƙari, ba za a sake ba. Tsofaffin da ta nemo, ɗaya ta rasu kafin a kai gare ta, ɗaya ta ce ba ta san zancen ba. Saura guda a unguwar Pantai Dalam. 'Yar tsohuwar ta amince da ƙyar, da sharaɗi: a zo da safe, don in rana ta ɗaga hankalin mahaifiyarta yakan gushe, kuma in ta ƙi magana ba zuwa na biyu.

Jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, muka hau. Sai da ya tashi ƙanwata ta ga damar sanar da ni cewa ba shi da direba. Na leƙa gaba, ba kowa sai gilashi da titin jirgi. Na karanto duk addu'ar da na sani ta hawa abin hawa, har da wadda ba ta hawa ba. Mutanen ciki kuwa ko a jikinsu, kowa ya sunkuya kan wayarsa, shiru kamar ana zaman makoki. A Kano da tuni an yi musun siyasa an shirya. Kuɗin jirgin bai taka kara ya karya ba, amma ni kowane ringgit sai na juya shi zuwa naira a raina, har sai da ƙanwata ta ce in daina, hawan jini zan jawo wa kaina.

Da jirgin ya nutsa ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar gari, ta riƙa yi mini bayani, ina jin don ta kwantar da nata hankalin ne. Wasan sunansa bangsawan. Ƙungiyoyi ne da ke yawo gari-gari suna wasan sarakuna da aljanu, da manyan labulaye masu zanen fada ko daji. Sauya labulen nan yana ɗaukar lokaci, 'yan kallo kuma ba su da haƙuri. Shi ne ake sako labule ɗaya a gaba, a turo 'yan mata su yi rawa da waƙa, ko wani ɗan barkwanci irin 'yan kamanmu, har a gama gyara a baya. Ina sauraronta ina kallon hannunta, sai ɓalle marfin na'urar ɗaukar murya take tana mayarwa.

Mun sauka muka tarar da ruwan sama. A bakin tasha muka yi tapau, wato muka sayi abinci aka ƙunshe mana, don ba a zuwa gidan tsoho hannu rabbana: nasi lemak a ganyen ayaba, shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, da ɗan yaji mai zaƙi-zaƙi da ƙananan kifi, sai wasu kayan zaƙi kore shar da har yau ban san da me ake yin su ba. Daga nan muka shiga bas. Gidajen unguwar dogaye ne, kala ɗaya, kowane bene da shanya a tagoginsa. Muka hau wani har sama muka ƙwanƙwasa, wani dattijo ya leƙo da buroshi a baki. Ashe ba ginin ba ne. Kafin mu sauko mu gano na gaskiya ruwa ya ɗauke, rana ta fito fes.

'Yar tsohuwar ce ta buɗe, mace mai kimanin shekaruna, fuska ba yabo ba fallasa. Muka cire takalma. Tsohuwar na zaune kan kujera, 'yar firit cikin zanen batik, talabijin na yi ba murya. Ƙanwata ta durƙusa ta kama hannunta ta kai goshi, ta kira ta Nenek, wato kaka. Ta iya Malayanci daidai gwargwado, ita ke fassara mini. Ta kunna na'ura ta fara tambaya. Tsohuwa ta ce ta manta. Ta sake wata tambayar, tsohuwa ta ce mun ci abinci kuwa? Haka aka yi ta yi. 'Yar kuwa ta tsaya jikin ƙofar kicin tana duban agogon bango tana dubanmu. Na ga idon ƙanwata ya kawo ruwa, na fara tunanin abin da za mu faɗa wa mahaifinmu in ta koma hannu wofi bayan duk shekarun nan.

Sai tsohuwar ta ƙura mini ido ta yi magana. Wai a ƙasarku mata ba sa rawa ne? Na ce a faɗa mata 'yan mata na yin gaɗa a dandali. Na fara kwatantawa, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta ce ita ba da baki take son ji ba, in tashi ta gani.

Jama'a, ni shugabar makaranta ce. Ni ce mai ƙwace wayar yara in na kama su suna rawa a aji. Rabona da gaɗa tun kafin aure, gwiwoyina kuma sun daɗe da yin murabus. Ƙanwata ta matso ta ce a hankali, "Yaya, please, ki rufa mini asiri. Wallahi ita ce last chance ɗina."

Matsalar ita ce gaɗa ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Ƙawaye ke jeruwa suna tafi, ke ki fito tsakiya ki yi waƙarki ki juya musu baya, sai ki saki jiki ki faɗo, su tare ki su cilla ki gaba. Na dubi ƙanwata, na dubi kaina, na dubi kabad ɗin gilashi cike da tangaran da ke bayanta. 'Yar tsohuwar ma kabad ɗin ta duba. Ba don ƙaunata ba, don tangaranta, ta zo ta tsaya kusa da ƙanwata ta ware hannu. Na gyara mayafi, na ɗauko wata waƙa da ban san tana raina ba har yanzu, na taka, na juya, na rufe ido na faɗa. Suka tare ni da nishi.

Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Da dariyar ta lafa ta ce, "Ni ba mai tare ni."

Daga nan ba wanda ya sake yi mata tambaya. Ta ce ita kaɗai ake turowa gaban labule. A bayanta maza na jan katako suna buga ƙusa, a gabanta 'yan kallo na jira ta yi kuskure su yi mata ihu, kuma ba ta da ikon tsayawa sai an ba ta alama daga ciki. Wata rana igiya ta harɗe a baya, ta yi rawar da ta sani ta ƙare, ta shiga ƙirƙira. Juya hannu a wurin wata Ba'indiya ta koya, taku a wurin Larabawa, wani salon kuma a majigin Turawa ta gani. Sunan masu fitowa a sarki da sarauniya ake rubutawa a ƙofa, nata ba a taɓa ba. Da sinima ta janye 'yan kallo sai suka koma filayen shaƙatawa, inda namiji zai sayi tikiti ya yi rawar joget da mace ba tare da ko yatsa ya taɓa ta ba. A wani zauren na kusa akwai masu tuɓe tufafi, mutanen gari kuma suka haɗa su duka suka ba su suna ɗaya. Da za ta yi aure, dangin miji suka ce kada a sake jin zancen. Na saci kallon 'yar, na ga ta zauna a ƙasa ta daina duban agogo.

Ina murna an gama lafiya, sai tsohuwa ta dafa kujera ta miƙe. Wai ita ma za ta faɗa.

'Yar ta ce sam, bara ta zame a banɗaki, da ƙyar ƙugunta ya warke. Ƙanwata ta ce, "Yaya, mun shiga uku, in ta karye fa?" Ni kuwa har na hango mu gaban 'yan sanda, baƙi biyu daga Najeriya, muna bayanin gaɗa. Amma tsohuwa ta riga ta juya mana baya tana jiran tafi. 'Yar ta dube ta ta daɗe, sannan ta ture mu gefe da gefe ta tsaya a tsakiya. Muka fara tafi.

Ƙafafunta da ƙyar suke ɗagawa, amma hannayen nan da wuyan nan, ban taɓa ganin irinsu ba. Ta yi ta juya yatsu kamar tana tsinkar wani abu a iska. Ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Ta saki jiki kawai ta taho. Hannuna ya taɓa kafaɗarta, ba ta fi nauyin buhun auduga ba, amma a ƙirjin 'yarta ta sauka. A ƙa'ida cilla ta gaba ya kamata a yi. 'Yar ba ta cilla ba, ta rungume ta ta baya ta kifa fuska a wuyanta, suka daɗe a haka. Ni da ƙanwata muka koma kallon kabad.

Da za mu tafi, ƙanwata ta yi ƙarfin hali ta tambaya ko za ta iya dawowa mako mai zuwa. 'Yar tsohuwar ta share ido ta ce, "Boleh," wato za ta iya. Ta ƙara da cewa ita ma tana da tambayoyi.

A hanyar dawowa muka biya ta Bukit Bintang, ƙanwata ta nuna mini inda ɗaya daga filayen shaƙatawar yake a da. Katafaren kanti ne yanzu, ana sayar da waya da jakunkuna. Muka shiga wani mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi, na ci roti biyu, irin gurasarsu, da shayin da suke ja daga kofi zuwa kofi, sai a lokacin na tuna ban karya ba. Ta kunna na'urar a tsorace, muka ji komai ya ɗauku, har da waƙata. Na ce ta goge wannan wurin ko in tsine wa digirin.

Mun iso Wangsa Maju bayan la'asar, na shafa man zafi a gwiwa, ita kuma ta kwanta ta yi barcin da rabonta da shi tun kafin in zo. Na zauna ina tunanin yadda muka yi shekaru muna ɓoye abin da yarinyar nan ke karantawa, kamar yadda aka ɓoye matar can a gidanta. In na koma Kano aka sake tambayata, ba zan tsaya a "tarihi" ba. Zan ce tarihin masu rawa take rubutawa, kuma ɗaya daga cikinsu har da hannuna aka tare ta.