Sodangi da Sunaye Talatin da Huɗu

Shekara goma sha ɗaya Sodangi yana tsara katin biki da kwamfuta a Bodinga, kuma har yau ba a bar shi ya yi ko ɗaya yadda yake so ba. Shi dai a bar farin fili, sunan ango da amarya su fito sarari. Mutane kuwa sai an cusa kowane dattijon gida.

Rannan Alhaji Tukur, manomin albasa daga Danchadi, ya kawo sunaye talatin da huɗu. Sodangi ya hasala: "Haba Alhaji! Haka kake dashen albasa, ba tazara?"

Alhaji ya ce, "Albasa in na cire ta, ba ta daina gaishe ni. Matse su."

Sodangi ya yi ƙwafa, ya ƙanƙance rubutun. Sunan amarya ma sai da tabarau.