Shafi Biyu na Babanmu

Babanmu mai fenti ne, kuma shekara talatin da biyar bai taɓa ganin abu tsirara ya ƙyale shi ba. Ƙofar banɗakinmu ta sha launi bakwai. Keken yayana, murfin rijiya, har ƙafar gadon Inna, babu wanda ya tsira daga buroshinsa. Dokarsa ɗaya ce: shafi ɗaya aikin raggo ne, sai biyu.

Da buroshin nan ya kai Auta, ƙanwarmu, jami'a. Ita kuwa ta rasa abin da za ta karanta sai yadda ake samun launi ba tare da fenti ba. Haushin da Baba ya ji, sai da ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta da kyau.

Saura wata guda ta kare kundin digirinta, ta zo gida da wani ɗan gilashi kamar farce, kore shar. Wata takwas ta yi kafin ta samu guda mai kyau.

"Baba, ba fenti a jikinsa," in ji ta. "Ƙananan turakun zinariya ne a jere, tazararsu daidai, ido ba ya ganinsu. In haske ya faɗa kansu, sai su riƙe wani launi su maido wani."

Baba ya juya shi a bakin taga, ya taɓe baki. "To in ya karce fa?"

"Shi ya sa ba a taɓa shi, Baba."

Ta mayar da gilashin cikin ɗan akwatinsa ta tafi gaida gwaggo. Kafin ta dawo, Baba ya tausaya wa gilashin ya shafa masa man sheƙin da yake sa wa katako. Kore ya koma ja-ja.

Ban taɓa ganin Auta ta yi kuka irin na ranar ba, ni ma raina ya ɓaci. Baba ya zauna a kan bokitin fenti kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ta kai wa Farfesanta gilashin tana jiran kora. Mutumin nan, wanda rabonsa da ɗakin gwaje-gwaje tun ranar da aka zo ɗaukar hoto, ya sa aka auna. Ashe abin da ya cike tsakanin turakun shi ma yana sauya launin da suke maidowa. Nan take Farfesa ya tuna cewa dama ya daɗe yana da wannan tunanin.

Ranar kare kundin, Baba ya zauna can baya, da guntun fenti a bayan kunnensa. Farfesa ya miƙe ya yi minti goma yana bayanin yadda shi da kansa ya shafa man, bayan dogon nazari. Sai muka ga hannun Baba a sama. Auta ta runtse ido.

"Ranka ya daɗe, shafi nawa ka yi masa?"

Farfesa ya gyara tabarau. "Ɗaya, mana."

"Biyu ne," in ji Baba. "Ni ban taɓa yi wa kayan 'yata aikin raggo ba."

Babban mai jarrabawa ya dubi Farfesa, ya dubi Auta, ya ce ta faɗi gaskiyar yadda aka yi. Ta faɗa. Ta ci jarrabawar.

A mota, da muka kusa gida, sai Baba ya miƙo hannu ya shafa bangon kundin, ya ce, "Auta, wannan bangon ba ya sheƙi."

Ta janye kundin, ta zauna a kansa.