Kwikwiyon da ya tone mini irin albasa

Yau da safe na isko fangali huɗu na irin albasata awa an yi haƙar gwal cikinsu. Ga Dugaji, kwikwiyon da na kawo don gadin garka, zaune cikin rame, hanci duk laka, yana kaɗa mini wutsiya.

Sati biyu ya rage in dasa irin ga, jama'a!

Na barbaɗa tonka, ya yi atishawa ya ci gaba. Na shinge da ƙaya, ya bi ta ƙasa. Na ɗaure shi, ya cinye igiyar. Sai na rantse gobe a kasuwar Bangi zan ba da shi kyauta.

Ina cikin bambami, Baba Alu maƙwabcina ya leƙo, ya dumtsi ƙasar ya sansana.

"Ɗana, mi ka zuba a nan?"

"Takin abatuwar, Baba. Abokina mahauci ya ba ni amalanke guda, ko dala ban biya ba."

"Da jini da guntayen tumbi?"

Na duƙa na tona ƙasar, sai ga su.

"Kai ka binne mishi nama, kuma kai ka hushi don ya tona? Kwashe abinka, ka bar kare lahiya."

Ni da nike ganin ba mai cuta ta a kasuwa, mahauci ya sa ni share mishi shara, har ina mishi godiya! Tun hantsi nike kwasar takin ga, Dugaji na kwance inuwa yana kallona.

Karen dai ba shi zuwa Bangi. Ni za ni, wurin mahauci. Ku hwaɗa mini, da wace gaisuwa zan soma?