Tukuicin da na bayar a tsakiyar teku

Ku cinka mini: mene ne ɗana ya so ya jefa a teku don kunya, amma ya sa magidanci hawaye?

Bayan mun gama Umara, Lawal ɗana ya ɗora ni a ƙaton jirgin ruwan nan na masu yawon hutu, wai in huta. Ni da ko kwalekwale ban taɓa hawa ba a Batsari.

Tun ranar farko yake toshe hanci. "Inna, wannan ƙullin naki na kasuwar Tsaskiya zai sa a kore mu."

Na ce a kore mu ina, cikin ruwa?

Ran sauka ya kawo ambulan, wai a nan kuɗi ake sakawa a ajiye wa mai gyaran ɗaki a kan gado. Na ce ban iya godiyar ɓoye ba, sai na ga idon mutum.

Da mai gyaran ɗakin ya shigo na gaishe shi. Ashe ɗan Maraɗi ne, sunansa Isuhu.

"Hajiya, ki yafe ni. Kullum sau biyu nake share ɗakin nan don ƙamshin jakarki. Wata takwas rabona da miyar gida."

Na juye masa ƙullin duka, ya karɓa hannu biyu yana share ido. Na ce Lawal ya miƙa ambulan ɗin ma, ƙamshi ba ya ciyar da iyali.

Ku da kuka fi ni yawo, me kuke bayarwa?

Amsar kacici-kacicin dai daddawa ce.